Wuƙa Da Ƙotarta: Dabarun Gida Na Yaƙi Da Tsatsa A Bacirawa

DUK shekara idan watan Zulhajji ya kama, akwai wani aiki da yakan tashi a Bacirawa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, wanda ba a yin shelarsa amma babu gidan da ba ya shafa. Magidanta sukan shiga ɗaka su zaro wuƙaƙen da suka ajiye tun layyar bara, wasu daga cikin adaka, wasu daga ƙarƙashin gado, wasu kuma daga saƙon rufin ɗaki. Da yawa sukan tarar wuƙa ta ƙi fita daga kube. In an yi ƙarfi an fizgo ta, sai a ga ta yi ja da tsatsa, kaifi ya zubzube, ƙota kuwa tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho.

Daga nan sai a shiga neman magani. Wani ya aiki yaro madafa ya ɗebo toka, wani ya yanka lemun tsami, wani ya jiƙa tsamiya, wani kuma ya wuce wurin makaniken babur ya roƙo baƙin mai. Cikin waɗannan dabaru akwai masu amfani ƙwarai, waɗanda binciken kimiyya ya gaskata. Akwai waɗanda ke gyara wuƙa yau su kashe ta gobe. Akwai kuma waɗanda ke sa guba a cikin abincin iyali ba tare da maigida ya sani ba. Saboda haka ya kamata a rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, musamman da yake a 'yan shekarun nan Babbar Salla tana faɗowa ne a bakin damina, lokacin da tsatsa ta fi ƙarfi. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni. Wuƙar da aka yi yanka da ita a irin wannan lokaci, aka mayar da ita kube da danshinta, za ta kwana cikin laima wata uku ko huɗu kafin iska ta bushe.

GARIN DA GONAKINSA

Bacirawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo ta Jihar Kano, a gefen hanyar Katsina. Wannan yanki yana daga cikin ƙasar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, inda ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, shi da J. Wilson, sun yi bincike a gundumar Ungogo, suka buga rahotonsu a 1965 game da yadda mutane ke rayuwa a kan 'yan ƙananan gonaki. Asirin abin shi ne taki. A lokacin jakuna sukan kai itace da kara birni, su komo da mangala cike da takin gari, a haɗa da kashin awaki da tumaki a zuba a gona.

Daga wancan lokaci zuwa yau birni ya miƙo ƙafa, gine-gine sun cinye gonaki masu yawa a Bacirawa. Duk da haka in aka ɗan matsa arewa, har yanzu gero da dawa da wake da gyaɗa ne ke riƙe da gidaje, kuma har yanzu ƙarfe ne abokin aikin kowa. Manomi yana da fartanya da garma da lauje da adda. Uwargida tana da 'yar wuƙarta ta yanka kuɓewa da albasa. Mahauci yana da ta yanka da ta fiɗa da ta yanyana nama, mai kilishi kuwa in wuƙarsa ta dakushe, sana'arsa ta tsaya. Wanzami yana da askarsa, baduku yana da tasa wuƙar ta yankan fata. Ga mai albashi, sayen sabuwar wuƙa ƙaramin abu ne. Ga wanda ke ƙirga kwanon hatsi kafin kaka, wuƙar da ta shekara goma tana aiki dukiya ce.

INDA ƘARFEN YA FITO

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, har ma ana iya cewa ita ta kafa garin. Labarin gargajiya na Kano ya ambaci Abagayawa, waɗanda ake dangantawa da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama, kuma binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, inda maƙera suka daɗe suna kasa hajarsu. Philip Jaggar, Baturen nan masanin harshen Hausa, ya zauna da maƙeran birni, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1994.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai tsohon ƙarfen Turawa ya fara yawaita, aikin narka tama mai wahala ya yi ta ja da baya har ya mutu. Yau maƙeri yana sayen ƙarfensa ne a wurin 'yan gwangwan, kuma a nan ne ingancin wuƙa yake farawa. Ƙarfen ganga da rodin gini masu laushi ne, suna da sauƙin ƙira amma ba sa riƙe kaifi. Sifirin mota da tsohon magagari kuwa suna ɗauke da sinadarin kabon mai ɗan yawa, watau ainihin abin da gawayi ya ƙunsa, shi ya sa in maƙeri ya gasa su suka yi ja, ya tsoma cikin ruwa ko mai, sai su yi tauri su riƙe kaifi. To, irin wannan ƙarfe mai kaifi shi ne kuma mai saurin tsatsa.

Farar wuƙar kanti wadda ba ta cika tsatsa ba, wani Bature ne mai suna Harry Brearley ya gano irin ƙarfenta a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Ana gauraya ƙarfen da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda yakan yi wa fuskarsa wata 'yar riga da ido ba ya gani. Amma mahauta da yawa sun fi son baƙar wuƙar maƙera, domin ta fi saurin karɓar washi a kan dutse, mai arahar cikin na kanti kuwa sau da yawa ado ne kawai.

MECE CE TSATSA?

Tsatsa takan samu ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. In babu danshi, aikinta yana tafiya a hankali ƙwarai, shi ya sa wuƙa takan wuce hunturu da bazara lafiya lau, amma a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, sai ta yi ja a kwana biyu. Gishiri yana ƙara mata gudu. Jini da gumin hannu duka suna da gishiri, saboda haka wuƙar da aka yi yanka da ita aka goge da tsumma kawai, an riga an shuka mata tsatsa.

Jar tsatsa tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sa'an nan ta ɓarɓashe, ta buɗe sabon wuri ga iska, ta ci gaba da haƙa rami. Amma akwai wani duhu-duhu, toka-toka ko baƙi, wanda yakan hau wuƙar da ake aiki da ita kullum wajen yanka nama da albasa. Wannan ba cuta ba ce. Shimfiɗa ce mai laƙe wa ƙarfe, tana kuma rage wa jar tsatsa hanya. Matan da ke dirje wuƙa da yashi har sai ta yi fari fat, suna cire mata garkuwa ne, suna kuma cinye ƙarfen a banza.

TOKA, TSAMIYA DA LEMO

In tsatsa ba ta yi nisa ba, babu abin da ya fi tokar murhu. A jiƙa tsumma ko ɓawon masara, a dangwali toka, a goga daga wajen ƙota zuwa tsini, a riƙa kiyaye yatsu daga kaifi. Toka tana da ɗan kaushi wanda ya isa ya ɗauke tsatsa ba tare da ya karce ƙarfe da yawa ba, tana kuma yanke maiƙo. Yashi ya fi ta ƙarfi, ya dace da garma da fartanya da adda, amma ya yi wa wuƙar fiɗa da aska kaushi. Garin jan bulo ko na tsingaro da aka niƙa ya yi laushi yana tsakanin su biyun.

In tsatsa ta kama sosai, sai a koma ga kayan tsami. Lemun tsami da tsamiya da ruwan tsamin da mata ke tsiyayewa daga gasara, kowannensu yana ɗauke da wani asid marar ƙarfi wanda ke narkar da tsatsa. A tsoma ruwan wuƙar kaɗai, ban da ƙota, a bar shi awa ɗaya ko biyu, a fitar a goge, in da saura a sake. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar wuƙa ta kwana a ciki. Asid ba ya tsayawa a kan tsatsa. In ya gama da ita sai ya shiga cin lafiyayyen ƙarfe, kuma wurin da yake fara ci shi ne bakin kaifi, domin nan ne ya fi siranta. Da safe sai a ga wuƙa ta yi fari amma duk ta yi zanzana.

Bayan tsami, lalle ne a ɗauraye da ruwa mai kyau, sa'an nan a sake ɗaurayewa da ruwan toka ko ruwan da aka jefa wa 'yar kanwa, domin su ne ke kashe ƙarfin asid ɗin da ya saura a cikin ramuka. A ɗauraye kuma, a goge, a shanya a rana har wuƙa ta yi ɗumi. Ƙarfen da aka fitar daga tsami tsirara yake, in aka bar shi ba mai, kafin la'asar zai fara sabuwar tsatsa.

Akwai kuma bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. 'Ya'yanta suna da sinadarin tanin mai yawa, wanda in ya haɗu da tsatsa yakan mayar da ita baƙa mai laƙewa. Wannan haɗuwa ta ƙarfe da tanin ita ce ke ba dukawa baƙin rinin fata, kuma irin wannan sinadari ne kamfanonin ƙasashen waje ke zubawa a cikin wasu magungunan tsatsa da ake sayarwa da tsada. In aka kankare ɓarɓashin tsatsa daga adda ko lauje, aka shafa ruwan bagaruwa aka bari ya bushe, sa'an nan aka bi da mai, za su iya wuce damina lafiya.

WANE MAI YA DACE?

Aikin mai ɗaya ne, watau ya shiga tsakanin ƙarfe da danshi. Amma ba kowane mai ne ke yin wannan aiki daidai ba.

Man gyaɗa shi ne ya fi kusa da hannu, kuma ya isa ga wuƙar da ake aiki da ita kullum ana wankewa. Aibinsa shi ne in ya daɗe yakan yi ɗanko da warin tsufa, ƙura ta manne masa. Man shanu ɗanye yana da ruwa da sauran nono a cikinsa, don haka yana iya jawo abin da ake gudu. Sai in an soya shi ruwan ya ƙone. Manja, musamman wanda ya kwana biyu, yana da ɗan tsami-tsamin da ke dusar da ƙarfe in aka bar shi wata da watanni. Kitsen da aka narka aka tace yana da kyau, muddin ba a sa masa gishiri ba, sai dai ɓeraye da kiyashi suna bin sa har su ci kube.

Wanda ya fi dacewa da ajiya mai tsawo shi ne man kaɗanya. Yana daskarewa ya zauna a jikin ƙarfe, ba ya saurin lalacewa, kuma ko ya shiga abinci babu laifi. In aka sami kakin zuma aka narka shi tare da man kaɗanya a wuta marar ƙarfi, kashi ɗaya na kaki da kashi uku ko huɗu na mai, an sami abin shafawa wanda zai yi wa ruwan wuƙa da ƙota da kube aiki gaba ɗaya. Kaɗan ake shafawa, a goge har sai wuƙa ta yi sheƙi kawai. Mai da yawa tarkon ƙura ne.

ABIN DA BAI KAMATA BA

Baƙin man da aka juye daga injin mota ko babur ko janareto yana hana tsatsa, babu musu, kuma kyauta ake samunsa. Amma ya kwashi ƙurar ƙarafa da ragowar ƙonannen fetur, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna yawan taɓa fata da shi yana haddasa sankara. Wuƙar da aka shafa wa shi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi daga ramukan ƙarfe da tsagar ƙota. Bai halatta a kusantar da shi ga wuƙar yanka ko ta madafa ko askar wanzami ba. Haka nan kananzir da man birki da giris.

Ruwan batir, wanda wasu samari ke tsoma wuƙa a ciki don ta yi fari nan take, asid ne mai ƙarfi wanda ke ƙona fata, ya makantar da ido, ya kuma rarake ƙarfe cikin ɗan lokaci. Na batirin da ya yi aiki har da dalma a cikinsa, ita kuwa dalma guba ce mai lahani ga ƙwaƙwalwar yara.

Wuta ita ma tana kashe wuƙa. Mutum yakan sa wuƙa a garwashi don ya yanke roba ko ya huda jarka, ko kuma da nufin ƙone tsatsa. Taurin da maƙeri ya ba ƙarfe zafi ne ke warware shi. Idan ƙarfe ya fara yin ruwan ƙasa-ƙasa, ya kai wajen digiri 230 na ma'aunin Salshiyas. Idan ya koma shuɗi, ya kusa 300, kuma a nan kaifi ya riga ya yi laushi. Daga ranar wuƙar za ta riƙa dakushewa da an yi 'yan yanka kaɗan, sai dai a mayar wa maƙeri ya sake gasa ta.

WASHI

Wannan haɗari na zafi shi ne ke tattare da injin washi na lantarki da ake gani a kasuwanni. Yana da sauri, ya kuma dace da gatari ko addar da ta yi giɓi, amma in mai injin bai riƙa tsoma wuƙa a ruwa ba, tartsatsin nan da ke tashi yana tafiya da taurin kaifi. Duk wuƙar da ta dawo daga inji da shuɗin baki, an cuce ta.

Dutsen washi da ruwa ya fi aminci. A kwantar da wuƙa a kan dutse, a ɗaga bayanta kaɗan, kimanin digiri 20, watau kamar kaurin ƙaramin yatsa ga wuƙa matsakaiciya, a riƙa turawa daga gindi zuwa tsini ba tare da an sauya wannan kwanciya ba. In an ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso a ɗaya gefen, sai a juya. A ƙarshe a ja ta baya-baya a kan tsohuwar fata, kamar yadda wanzamai ke yi wa aska, don a ɗauke ƙaiƙayin. Inda babu dutse, gindin kofin tangaran, wurin nan da ba shi da santsi, yana yin aiki mai kyau ga ƙaramar wuƙa. Daɓen siminti da bakin rijiya kuwa suna ba da kaifin rana ɗaya, su cinye ƙarfen shekara.

ƘOTA DA KUBE

Yawancin wuƙaƙen da ake zubarwa, ruwansu lafiya lau yake, ƙota ce ta mutu. Maƙeri yakan gasa wutsiyar ƙarfen ya cusa ta cikin itace, ta ƙona wa kanta gurbi. Itace kuwa yana numfashi da yanayi: da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, ya tsattsage. Bayan shekara biyu ko uku sai gurbin ya yi wa ƙarfe yawa.

Dabarar da kowa ya sani ita ce a jiƙa ƙota a ruwa ta kwana. Da safe za ta kama gam, amma wannan rance ne mai ruwa. Itacen da ya kumbura yakan matse jikin ƙarfe har naman itacen ya murƙushe, in ya bushe sai ya fi da sakwarkwacewa, ga kuma tsatsa da ruwan ya shuka a ciki inda ido ba ya gani. Wutsiyar da tsatsa ta ci ita ce ke karyewa a tsakiyar aiki, ruwan wuƙa ya tafi inda ya ga dama.

Gyaran da ya fi ƙarko shi ne a zare ƙarfen, a kankare wutsiyar, a shafa mata mai, a mayar, a cusa 'yan siraran ɓaraguzan busasshen itace mai tauri a gefe. In ƙota ta fara tsagewa, a naɗe wuyanta da waya, ko kuma a bi hanyar magabata: a yanko ɗanyar fata, a jiƙa ta, a naɗa da ƙarfi, in ta bushe za ta tsuke ta riƙe kamar ƙarfe. Robar cikin tayar keke tana hana santsi, ta dace da adda da lauje, amma tana ɓoye danshi da jini a ƙarƙashinta, don haka ba ta dace da wuƙar nama ba. Ƙaro ba ya riƙe ƙota, domin ruwa na taɓa shi zai narke. Narka leda a ɗiga a gurbin kuwa hayaƙi ne mai cutarwa, riƙonsa kuma ba ya daɗewa.

In za a sake ƙota, a nemi itace mai nauyi wanda ya bushe sarai, irin su ƙirya da marke da aduwa da kanya. Waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci a kewayen Kano, shi ya sa kula da tsohuwar ƙota ya fi neman sabuwa sauƙi. A shafa mata man kaɗanya sau biyu a shekara, da faɗuwar damina da kuma shigowar hunturu, a bar ta a rana ta sha. Ƙotar ƙaho ita ma tana bukatar haka, domin iskar hunturu tana fasa ta.

Kube kuwa rigar tafiya ce, bai dace da doguwar ajiya ba. Fata tana shan laima ta riƙe, ta manna shi a jikin ƙarfe. Wuƙar da za ta daɗe ba a taɓa ba, gara a shafa mata mai, a naɗe ta a busasshen tsumma ko takardar buhun siminti mai tsabta, a rataye kuben dabam, a ajiye ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

LAFIYAR JAMA'A

Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa ce ke kawo ciwon tsinkau-tsinkau, wanda ke sandarar da jiki ya datse haƙora. Gaskiyar magana ita ce wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tsatsa tana ba ta maɓoya ne kawai. A yanki irin na Ungogo, inda kowace gona ta sha taki, lauje ko fartanya mai ƙyalli ma tana iya ɗauke da ita. Wanda ya yanke a gona ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a duba ko yana bukatar allura, kada ya cusa ƙasa ko toka a ciki. Allurar rigakafin wannan ciwo tana cikin shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1974, kuma ana yi wa yara da mata masu juna biyu.

A nan ne dabarun gida suke da iyaka. Toka da lemun tsami suna fitar da tsatsa, amma ba su isa su tsarkake ƙarfen da zai shiga jikin ɗan Adam ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai. Askar da aka yi wa wani kaciya ko shasshawa ko cire beli da ita, dole ne a wanke ta da sabulu a tafasa ta minti 20 kafin ta taɓa wani, in kuwa da hali, sabuwar reza ga kowane mutum ta fi. Cibiyar jariri kuma kada a yanke ta da komai sai sabuwar reza da aka buɗe a wurin.

HAKKIN DABBA DA DARAJAR FATA

Addinin Musulunci bai bar wannan al'amari ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda Imamu Muslim ya ruwaito, ya umurci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya kuma hutar da abin yankansa, malamai kuma sun karhanta a wasa wuƙa a gaban dabba tana kallo. Wanda ya bari sai an kayar da rago sa'an nan ya fara neman dutse, ya wahalar da dabbar, ya kuma wahalar da masu riƙe ta.

Akwai kuma asarar dukiya. Kano ita ce cibiyar cinikin fata a Nijeriya, da masana'antun jima a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma fatar jan akuyar Sakkwato ta daɗe da suna a kasuwannin Turai. Dakusasshiyar wuƙa tana tilasta wa mai fiɗa ya danna da ƙarfi, mai tsini kuma tana huda fata. Kowace huda da kowane karce suna rage darajarta a wurin dillali. Wannan ne dalilin da ya sa malaman fata suke horon a yi fiɗa da wuƙa mai lanƙwasa marar tsini, a yi amfani da dunƙulen hannu wajen raba fatar akuya da tunkiya daga nama. Fatun layya da yawa masallatai da makarantun allo ake ba su sadaka, don haka wuƙar da ba a kula da ita ba tana rage abin da zai isa hannun mabukata.

Malaman gona da duba-gari da malaman makaranta suna da rawar da za su taka, tun da su ne ke shiga ƙauyuka suna magana da jama'a. Ɗalibin da ya koyi bambancin asid da kishiyarsa a aji, ya iya bayyana wa mahaifinsa dalilin da ya sa ake bin tsamiya da ruwan toka, da dalilin da ya sa baƙin mai bai dace da wuƙar layya ba. Ma'aikacin da ya je gida hutun Salla kuwa, kafin ya kama hanyar komawa bakin aiki, ya tabbata an wanke wuƙaƙen da sabulu, an shanya su sun bushe, an shafa musu man kaɗanya, an ajiye su ba cikin kube ba. Aikin bai wuce na minti goma ba. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya sa a dace, amin.